Akwai, Ko Ya Ƙare?

"Kwando?" Auta ta ɗago daga fuskar kwamfutar tana hararsa. "Kwando fa ka rubuta! Littafi muke sayarwa ko tumatir?"

Injiniya ya jingina da kujera yana dariya. "To me zan sa, Edita? Mutum ya zaɓi littattafai, ina zai zuba su kafin ya biya?"

"Jaka."

"Jaka ai tasa ce, da ita zai fita. Kwando kuwa na shago ne."

"Je ka faɗa wa Baba haka. Wallahi jan biro zai ɗauko ya zana wa gilashin kwamfutarka layi."

"Ai ya taɓa yi... ga shaidar nan a gefe, ta ƙi gogewa."

Ta so ta ci gaba da shan mur, amma dariya ta ƙwace mata.

Maɗaba'ar ta mahaifinta ce, hawa biyu, ƙasa sito da injuna, sama ofisoshi. Auta ce ƙaramar 'yarsa, kuma ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa ta gaji sana'ar, tana gyaran rubutu tun kafin ta gama makaranta. Tsohon shafinsu na intanet kuwa, Allah na tuba, kafin ya buɗe mutum zai iya shan shayi ya wanke kofin. Ba ya karɓar oda, ba ya nuna bangon littafi, sai lambar waya da hoton ginin. Da ƙyar da jiɓin goshi Auta ta shawo kan Baba aka ɗauko wannan saurayin ya rushe shi, ya gina shago na gaskiya.

Aka fara da musu a kan launi, aka koma musu a kan kalmomi, ba su ankara ba sai ga shi ba ya iya tashi aiki sai ya ji ta ce masa sai da safe. Suka yi shawara a tsakaninsu: ba wanda zai tunkari Baba da maganar aurensu sai ranar da ya ga shagon ya yaba. A ranar Injiniya zai nemi izini.

Yau ce ranar.

"Gabana faɗuwa yake yi," ta ce a hankali.

"Kwantar da hankalinki, rabin raina. Na gwada komai. Har da wata tsaraba na ajiye muku, ke da shi."

"Wace tsaraba?"

"In na faɗa ai ta tashi daga tsaraba."

Kafin ta matsa masa suka ji takun Baba a kan matakala. Ya shigo da tabarau a kan hanci, fuska ba yabo ba fallasa. Mutum ne da zai iya yafe wa wanda ya ɓata masa inji, amma ba zai yafe wa wanda ya yar da ƙugiyar harafi ba.

"Sannu da zuwa, Baba," Injiniya ya miƙe ya ja masa kujera.

"Yauwa. Nuna mini abin da kuka daɗe kuna ɓoyewa."

Aka fara. Ga littattafan makaranta a rukuninsu, ga na yara, ga na labarai, kowanne da bangonsa tas kamar ka miƙa hannu ka ɗauka. Injiniya ya nuna yadda mai saye zai leƙa shafukan farko kafin ya yanke shawara, da yadda oda za ta sauka kai tsaye a wayar mai kula da sito. Ya rubuta sunan wani littafi a gurbin nema ba tare da ƙugiya ko ɗaya ba, sai ga littafin ya fito.

Baba ya dube shi ta saman tabarau. "Wato lalaci kake koya wa mutane."

"A'a Baba, waya da yawa ce ba ta da haruffan. Amma duba, in ya fito da ƙugiyarsa yake fitowa. Kullum sai sun ga daidai."

"Hmm," in ji Baba. Auta ta san wannan hmm ɗin, a wurinsa yabo ne mai tsada. Ta saci kallon Injiniya, zuciyarta fari ƙal.

"Saura shafin farko, Baba. Shi na bari na ƙarshe."

Ya danna.

Fuskar Mama ta cika allon. Hoton nan ne na bayan littafinta, tana murmushin da ba ya nuna haƙori. A gefenta ga ɗan littafin mai koren bango, na koya wa yara karatu, wanda da shi maɗaba'ar ta tsaya da ƙafarta. Tun rasuwarta ba mai ambaton littafin a gaban Baba.

A ƙarƙashin haɓarta kuwa, jan layi ne ya gitta, da manyan haruffa: YA ƘARE.

Auta ta juya ta kalli Baba.

Baba ya cire tabarau a hankali. "Wa ya ce maka ta ƙare?"

"Baba... littafin ake nufi. Yau da safe na haɗa shagon da sito, shi ne ya nuna babu ko ɗaya. Na'urar da kanta take sa wannan..."

"Na'ura ce ta ɗauko hoton matata?"

"A'a, ni ne."

"To kai ka rubuta." Bai ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. "Rufe shi. Ba na son shagon. Gobe ka zo a sallame ka."

"Baba!" Auta ta miƙe.

Ko kallonta bai yi ba, ya shige ofishinsa ya ja ƙofa.

A kan matakala ta sami Injiniya zaune, jakar kwamfuta a cinya, ya haɗa kai da gwiwa. Ta zauna nesa kaɗan tana share hawaye da bakin mayafi.

"Me ya kai ka? Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Kullum maganarta kike yi mini, Edita. Na ce bari duk wanda ya shigo shagon ya fara gaishe ta. Lokacin da na tsara shafin ba wannan layin, wallahi babu. Na gwada shi a waya, na gwada a kwamfuta... ban ƙara dubawa ba bayan na haɗa sito."

"Ka taɓo masa inda yake ciwo."

"Na sani. Zan iya goge layin yanzu, ba wani aiki ba ne."

"Ka goge ka sa me?"

Ya sake haɗa kai da gwiwa.

"Abin da ba ka sani ba," ta rage murya, "littafin bai ƙare ba. Katan-katan ne a ofishinsa, bayan labule. Bugu na ƙarshe da ta duba da hannunta. Bayan rasuwarta ya sa aka kwashe su daga sito, ya ce duk wanda ya tambaya a ce babu. Makarantu sun yi ta kira har sun gaji."

Injiniya ya ɗago kai. "Shago kalma uku kawai ya sani. Akwai, ya ƙare, yana tafe. Ba ko ɗaya da ta dace da abin da ke bayan labulen nan. Zan iya gina masa ta huɗu, amma ba ni zan zaɓe ta ba. Na zaɓi guda yau, kin ga inda ta kai mu."

"Mu kuma fa?"

"In ya ce in tafi, zan tafi. Ba zan shiga tsakaninki da mahaifinki ba, hasken idona. Ke kaɗai kika rage masa a ginin nan."

"Ai kuwa ka iya magana! Ka tafi, ni kuma in zauna ina gyara wa mutane labarin soyayyarsu?" Ta fizge jakar daga cinyarsa. "Zauna nan. Ko motsi ka yi ban yafe ba."

Rana ta yi sanyi lokacin da Auta ta ƙwanƙwasa ƙofar ofishin Baba. Ba a amsa ba, ta tura a hankali tare da sallama. Labulen a zuge yake. Baba na zaune a ƙasa, abin da ba ta taɓa gani ba, katan ɗaya a buɗe a gabansa, littafi a hannunsa.

Ta durƙusa kusa da shi. "Baba, ka yi haƙuri."

"Ke me kika yi?"

"Ni na cika shi da labarinta, har ya ga ya kamata ya girmama ta. Bai san komai game da waɗannan ba." Ta ɗago ta dube shi. "Kuma Baba... ina son sa. Yau ya yi niyyar yi maka magana. In ka ce a'a, zan bi maganarka, amma ba zan ɓoye maka cewa zan ji ciwo ba."

Baba ya ci gaba da shafa bangon littafin. "Kina tsammani makaho ne ni? Mutum biyu su yi ta musu a kan kalma ɗaya har a tashi aiki, suna dariya. Ni da uwarki haka muka fara."

Kunya ta rufe ta, ta sunkuyar da kai. Can ta buɗe kwamfutar ta ajiye a kan katan, ta sa tafin hannu ta rufe jan layin.

"Ya ce zai iya sa duk abin da kake so a nan. Amma kai za ka zaɓi kalmar."

"A cire shafin gaba ɗaya."

"Za a iya. Sai dai duk wanda ya nemi sunanta a shagon mijinta, za a ce masa ba a samu ba."

Ya runtse ido. Wannan ma bai yi masa daɗi ba. Sai halin sana'a ya motsa, ya mayar da tabarau.

"A rubuta... an adana."

"An adana wa wa, Baba?"

"To a ce ba na sayarwa ba ne."

"A shago?"

"Kai, ya yi tsawo ma," ya faɗa da kansa yana tsaki. Ya gwada wata, ya soke ta kafin ta fito. Ya buɗe littafin, ga gefen takardun ya fara yin ruwan ƙasa, tsakiya kuwa har ta soma mannewa.

"Lalacewa suke yi," ta ce a hankali. "Mama ba don kwali ta rubuta shi ba. Ka tuna yadda take tare yara a ƙofar gida ta sa su karanta mata, wanda ya yi kuskure ta ce littafin ne bai yi bayani da kyau ba?"

Baba ya yi murmushi, hawaye na bin gefen hancinsa. "Tsoro nake ji, Auta. Kullum in na zuge labulen nan sai in ga kamar tana nan. In na fara sayarwa, wata rana na ƙarshe zai fita. Sai kuma yaya?"

"Sai mu sake bugawa, Baba. Maɗaba'a fa gare mu!"

Ya dube ta baki buɗe. Sai dariya ta kubce masa, dariya mai haɗe da kuka, har yana dafa katan. Ita ma ta kasa riƙe tata.

"Ikon Allah... bakinta sak kika ɗauko." Ya share fuska da hannun riga. "Yaron ya tafi?"

"Yana kan matakala."

"Tun ɗazu?"

"Na hana shi motsi."

"Allah sarki, tun yanzu. Kira shi."

Injiniya ya shigo kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. "Baba, na tuba. Ban yi don..."

"Na ji. Matso, ɗauki abin aikinka. Hoton nan ka rage shi, ba ta son a cika nuna ta. Jan layin kuma ka cire."

"To Baba. Me zan sa a wurin?"

Baba ya kalli katan-katan ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya ja numfashi mai tsawo.

"Rubuta, akwai."

Injiniya ya danna. Jan layin ya ɓace, kore ya maye gurbinsa. Baba ya matso da fuska ya duba harafi bayan harafi, sannan ya gyaɗa kai.

"Gobe a mayar da su sito, wannan ɗaya kawai zan riƙe. Shagon kuma a buɗe shi." Ya dubi saurayin ta saman tabarau. "Ban da aiki, akwai wata magana?"

Injiniya ya kalli Auta, ta kawar da kai tana murza yatsu.

"Akwai, Baba."

"To ba da kai zan yi ta ba. Ka ce wa mahaifinka ina jiransa."

Auta ba ta san lokacin da ta kifa kanta a gwiwar mahaifinta ba, tana kuka tana dariya. Ya ɗora hannu a kanta.

"Ya isa, Auta, ya isa," ya ce. "Da uwarki ta gan shi, da ta so shi."