Turaren Amya

Na gama wanke-wanke da hantsi, na ɗaga labulen ɗakina, sai na tarar da mayafina yana numfashi.

Wallahi numfashi yake. Yana rataye a ƙusar da na bar shi, amma ya kumbura, ya yi baƙi ƙirin, yana motsi a hankali. Ƙudan zuma ne, dubbai, sun dunƙule a kansa. Ko ɗaya bai tashi ba. Wani gunji kawai suke yi ƙasa-ƙasa, ina jin shi har cikin haƙorana.

Na saki labulen, na ja da baya.

Awaisu ne ya faɗo mini a rai. Awaisu mai zuma, ɗan wani ƙauye bayan Kafur, wanda aka karɓi gaisuwarsa a gidanmu wata biyu da suka wuce. Sanadin Baba muka haɗu. Da likita ya ce ya rabu da farin suga, ya gwada 'yan ƙwayoyin nan masu zaƙi na kanti, ya ce ɗacin ƙarfe suke bar masa a harshe. Sai ya koma ɗiga zuma kaɗan a kokonsa. Awaisu ke kawowa ranar kasuwa, ni ke fita zaure in karɓa. Kafin kwalba ta biyar ta ƙare, ni kam na gama yawo.

Amma bakin mutanen Malumfashi ba ya hutawa. Amyoyin da yake kiwon zuma a ciki suna kan itatuwan ɗorawa a gefen tsohuwar maƙabarta, inda ko masu kiwo ba sa bi da azahar. Aka ce ba a taɓa ganin shi da kumburin harbi ba. Aka ce mutanen ɓoye ke yi masa gadi. Baba yana ji yana turewa, sai ranar nan da ya tsaya a ƙofar ɗakina ya gani da idonsa.

Sai ya ce ashe gaskiya ne, yaron nan ya turo dakarunsa su tsare masa ni. Ya ce gobe za a mayar musu da kayansu.

Na kira Awaisu ina kuka. Kafin la'asar babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar gida. Baba ya hana shi wuce zaure.

Daga can Awaisu ya ɗaga kai yana shinshina iska, ya tambaya wa ya ƙona turaren amya a gidan nan.

Sai na tuna. Jiya da yamma Shafa'atu, 'yar kawunsa, ta kawo mini wani ƙulli tana murmushi, ta ce turaren wuta ne, in ji shi. Na san tun suna yara take son shi, amma wace ce za ta ƙi abin da aka ce daga masoyinta yake? Na turara ɗaki, na turara mayafi, har da ƙarawa da safe.

Awaisu ya ce bai aiko kowa ba. Haɗin da suke turara sabuwar amya ne don zuma ta shiga, kuma duk wanda ya tashi a gidansu ya san shi.

Baba ya yi wata dariya mara daɗi.

“In ba asiri ba ne, kada ka sa ƙafa. Ita ta fitar da su.”

“Baba, a yi haƙuri, ba ta taɓa...”

“To hau babur ɗinka.”

Na ce zan yi. Ni da ko kyankyaso na gani sai na hau gado. Amma tsoron rasa shi ya fi ƙarfin wannan tsoron.

Awaisu ya sauko da sabuwar amyar da ya ɗauro a babur, ya ajiye a bakin zaure. Aka kwashe kowa daga tsakar gida. Na shiga ɗakin ni kaɗai, muryarsa na biyo ni.

“Raudatu, rabin raina... kada ki yi sauri. Ɗago shi daga ƙusar kamar za ki ɗauki jariri.”

Na ɗago. Nauyi gare shi, da ɗumi. Suka fara hawa yatsuna, suka bi hannuna, wata ta zauna a leɓena. Da na fito, gunjin ya tsaya cak. Gidan ya yi tsit, ko kaji babu mai motsi. Ji na yi kamar duk idanun nan ni suke kallo, suna jiran su ji abin da zan yi.

Taku ɗaya. Taku biyu.

“Haka, masoyiya... saura kaɗan. Ni kaɗai za ki kalla.”

Shi na kalla, shi ya sa ban ga taɓaryar da aka bari a ƙasa ba.

Na yi tuntuɓe. Mayafin ya suɓuce, ya daki ƙasa, sama ta yi duhu.

Ban san lokacin da ya ƙetare zauren ba. Na dai ji an lulluɓe ni da riga tun daga kai, an danne ni ƙasa, wani jiki ya rufe nawa. Ina ji yana zabura, yana zabura, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Bai ɗaga ni ba sai da maƙwabta suka cika gidan da hayaƙi.

Da na yaye rigar, ban gane shi ba. Idanu sun rufe, leɓe ya yi suntum, wuya da ƙirji duk tsinin harbi. A hakan yake lalube da hannu yana tambaya ko an harbe ni.

Sau ɗaya tak, a ɗan yatsa.

Baba ya zo ya tsaya a kansa. Ya dubi mutumin da aka ce zuma ba ta taɓa shi. Sai ya durƙusa a ƙasa, da girmansa da komai, ya ɗora kan Awaisu a cinyarsa, ya fara kankare tsinin da farce, ɗaya bayan ɗaya. Ya aika a kira mai mota a kai shi asibiti.

Ni ina tsaye, hawaye ya hana ni gani sosai.

Baba bai ɗago ya dube ni ba.

“Tsayuwar me kike yi? Kawo wa mijinki ruwa.”