Fayil Ɗin Da Ya Ƙi Goguwa

Da rana tsaka ta shigo shagon gyara rungume da tsohuwar kwamfutar babanta, ta dire ta a kan tebur.

"Malam, aljani ne a ciki. Akwai wani fayil, in na goge shi yau, gobe ya dawo."

Mai gyara ya ɗago kai. Maganar gaskiya, ita ya fi kallo, ba kwamfutar ba.

"Babu aljani. Kwamfutar ce ke yin sa da kanta. Duk inda aka ajiye hotuna, sai ta yi wa wurin nasa fayil, ta ɗebi ƙananan kwafinsu ta ɓoye a ciki, don su riƙa fitowa da sauri. Ko kin goge, za ta sake yin wani."

"Ashe wahalar banza nake ta sha."

"Ba ta banza ba ce, tunda ta kawo ki nan."

Malamar makaranta ce, ba ta saba yaro ya mayar mata da magana ba, balle babba. Ta harare shi. Amma ta karɓi lambarsa.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Sarauniyar gogewa, yau me aka goge?"

"Kai na goge daga raina. Amma ka dawo."

"Halinmu ɗaya da fayil ɗin, sai haƙuri."

Da maganar aure ta kai gaban babanta, tsohon direba, sai ya murtuke fuska.

"Mai gyaran kwamfuta? Ban yarda ba."

Yana da dalilinsa. Bayan rasuwar matarsa ya kai wannan kwamfutar wurin wani mai gyara. Ya tarar da shi yana nuna wa abokai hotunan mutane suna ta dariya, sannan mutumin ya share hotunan marigayiyar kaf, wai don a samu fili. Ko ɗaya bai rage ba.

"Masu leƙen asirin mutane ne. Wanda bai riƙe amanar hoto ba, shi zan ba amanar 'yata?"

Ta kira masoyinta tana kuka. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya tambaya.

"Inda hotunan Mama suke, kin goge fayil ɗin can?"

"A'a. Tunda ta rasu ban iya buɗe wurin ba."

"To kada ki taɓa. Ki roƙi Baba ya zo da kansa."

Da ƙyar ya zo, ya kuma ƙi zama. Mai gyara ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, mai yiwuwa ƙananan hotunan suna cikin tsohon fayil ɗin. Ban buɗe ba, ba nawa ba ne. Nan za ka danna."

Ya shirya komai, ya koma bakin ƙofa, ya juya musu baya.

Tsoho ya danna. Ga ta nan. Hotuna ƙanana kamar farce, dishi-dishi, amma ita ce. Tana shanya. Tana dariya, ɗankwali ya zame. Tana goye da wannan 'yar da ke tsaye kusa da shi.

Tsoho ya dubi bayan saurayin, ya daɗe yana duba.

"Kai. Juyo."

"Baba, iyalinka ne."

"Na ce ka juyo. Zo ka ga surukarka."

Ranar ɗaurin aure, Baba na da hoton marigayiyar guda ɗaya a aljihun gaba, bai fi kwalin ashana ba. Ya dafa shi, ya ce da ango, "Ka riƙe min ita yadda ka riƙe wannan. Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan mahaifiyarta."

Jama'a suka amsa da amin. Fayil ɗin kuwa yana nan, amarya ba ta sake taɓa shi ba.