Ɗan Maɓallin Bayan Madabod

Ranar da Sauda ta fara shiga shagon Sabitu a Ƙofar Wambai, da takarda ta je a hannunta, tana ta waige-waige. Ita dai haka Allah ya yi ta, ko ƙadangare ne ya gifta sai gabanta ya faɗi.

Ta gama karatun zanen gine-gine, mahaifinta Alhaji Ladan ya yi alkawarin haɗa mata kwamfutar tebur mai ƙarfi. Abin da ya rage shi ne zaɓen madabod, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke hawa kansa.

"Sunaye biyu ne a nan," ta ce murya ƙasa-ƙasa. "Wanne zan sa a kawo?"

Sabitu ya dubi takardar, ya dubi mai takardar, ya yi saurin mayar da idonsa ƙasa.

"Na farkon ya fi kyau a ido, fitilu gare shi kamar gidan biki. Na biyun ba shi da ado, amma yana jure zafi, sannan akwai wani ɗan maɓalli a bayansa."

"Maɓallin me?"

"Na ranar da komai ya lalace. Akwai 'yar ƙwaƙwalwar da ke tayar da allon, ana ce mata bayos. In ta mutu, da maɓallin nan ake farfaɗo da ita. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, ni shi zan zaɓa."

"Ni ma kullum tunanin ranar lalacewa nake yi," ta ce, sannan ta ji kunyar kanta.

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Daga nan ta zaɓi na biyun, ta kuma bar masa lambar wayarta, wai don maganar kwamfuta.

Wata biyu aka yi ana jiran kayan, maganar kwamfuta kuwa ta koma wata magana.

"Matsoraciyata, yau me ya ba ki tsoro?" yakan rubuto mata.

"Kai mana, Injiniyana. Tsoro nake ji kada in saba da kai a raba mu."

Tsoron nata ba na banza ba ne. Alhaji Ladan ya riga ya yi wa Mijinyawa, ɗan amininsa, sha'awarta, kuma Mijinyawan ne ya rubuta sunan madabod mai fitilu. Da Alhaji ya ji an ƙi zaɓinsa an bi na wani, sai ya haɗe rai.

"Mai kwance-kwancen kwamfuta a Ƙofar Wambai? To, ya zo ya haɗa ta a gabana. In abin da ya zaɓa ya yi aiki zan saurare shi. In bai yi ba, kada in sake jin sunansa a gidan nan."

Ranar Asabar da hantsi Sabitu ya iso gidan Alhaji a GRA. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya baje kaya a falo. Mijinyawa na zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sauda ta raɓe a bakin labule.

Ya gama ɗaure komai tsaf. Saura sabunta bayos, aikin da ba ya son a katse masa wuta ko na ƙiftawar ido. Sai ya jawo UPS ɗinsa, akwatin batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke.

"Ajiye wannan tarkacen gefe," in ji Alhaji. "Gidan nan akwai inbata mai riƙe mana wuta, ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Sauda ta ga Sabitu ya buɗe baki ya rufe. Ina shi ina musu da mutumin da yake neman 'yarsa? Ya ce, "To, Baba," ya ture akwatin gefe.

Ya soma sabuntawar, layin da ke nuna ci gaban aikin a kan sikirin ya fara tafiya a hankali. Ya kai rabi.

Aka ɗauke wuta.

Inbata ta yi 'yar ƙara ta karɓa, fankar sama ta ci gaba da juyawa, amma a 'yar tazarar nan kwamfutar ta riga ta mutu. Sabitu ya danna, shiru. Ya sake dannawa, sikirin baƙi ƙirin.

Sauda ta sulale ta zauna a ƙasa. Shi ke nan, an raba su. Ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Ai ga shi nan," in ji Mijinyawa yana murmushi. "Ya kashe sabon kaya. Laifin wa ke nan?"

Kowa ya san amsar, kalma ɗaya ta ishi Sabitu ya wanke kansa.

"Laifina ne," ya ce kansa a sunkuye. "Ni ne mai aikin, ni ya kamata in kiyaye. Baba, a ba ni minti goma."

Wannan karon bai nemi izinin kowa ba, ya jona UPS ɗin. Ya ciro filas mai ɗauke da sabon bayos daga aljihu ya soka a bayan madabod, ya danna ɗan maɓallin nan. Wata 'yar koriyar fitila ta fara ƙyaftawa.

Sauda ta ƙura mata ido, duk addu'ar da ta zo bakinta karantawa take yi. Minti biyar, minti shida. Fitilar ta mutu.

Ya yi bismilla ya kunna. Fankokin ciki suka juya, sikirin ya kawo haske.

Sauda ta fashe da kuka, ta ma manta a gaban wa take.

Alhaji Ladan ya dubi sikirin, ya dubi Sabitu. Can ya gyara zama.

"Yaro, ni na hana ka jona abin nan, kowa ya ji. Me ya sa ka ce laifinka ne?"

"Baba, ba zan iya nuna ka da yatsa a cikin gidanka ba."

Alhaji ya cire tabarau ya goge. "Kwamfutar ba ta dame ni ba kuma. Ka turo magabatanka."

Mijinyawa ya tuna yana da wani uzuri a Gwallameji, ya fice.

Kafin Sabitu ya kai bakin titi saƙonta ya riske shi: "Injiniyana, na kusa mutuwa."

"Ni ma, matsoraciyata. Ashe mu biyu ne."

Bayan wata huɗu aka ɗaura auren Sabitu da Sauda. Ranar kai amarya, Alhaji ya kira su biyun ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Sannan ya turo wani kwali gabansu. Sabon UPS ne fil.

"Wannan naku ne," ya ce yana kallon angon. "Duk wanda ya ce ka ajiye shi gefe kada ka yarda, ko da ni ne."

Sauda ta yi dariya cikin mayafinta, hawaye na zuba. Allah ya bar su tare, ya kore musu duk abin tsoro.