Saƙon da Ya Kai Wakilan Bakura Maradun

Ranar Talata bayan azahar Hajiya Surayya ta shigo ofishin 'yan sanda na Talata Mafara, goshinta a kumbure. Ita ke kula da zauren WhatsApp na jam'iyyarsu a shiyyar, inda yanzu ake kiran taro, a raba aiki, har a tsayar da ɗan takara.

Ta gaya wa Insifekta Zaharaddini cewa an ɗauke wayarta jiya a ofishin jam'iyya, ta bar ta a caji ta tafi sallar la'asar, kuma ba ta sa mata makulli. Da wayar aka tura wa wakilan Bakura saƙo cewa zaɓen shugabannin shiyya ya koma Maradun. Da safe wakilan Bakura suka cika mota biyu suka tafi can, aka yi zaɓe a Mafara ba su. Da suka dawo, gidanta suka nufa da jifa, suna kiranta maciya amana.

Insifekta ya fara da Manu, wanda ya ci zaɓen. Manu ya rantse jiya a Morai ya wuni.

"To me ya sa mai gadin ofishin jam'iyya ya ce ya ga babur ɗinka?"

Manu ya sunkuyar da kai. Ya ce tsoro ne ya sa shi ƙarya. Ya zo, amma da aka kira salla kowa ya fita, sai tsohon sakatare Malam Sallau, wanda ya ce gwiwarsa na ciwo.

Daga nan Insifekta ya wuce Damri a ƙasar Bakura, wani wakili ya nuna masa saƙon. Saƙon ya fara da "Bayan gaisuwa da fatan alheri", kowane waƙafi a wurinsa, ga kwanan wata a ƙasa. Sauran saƙonnin Surayya kuwa duk na murya ne.

Insifekta ya daɗe yana kallon wayar. Ya san wannan tsarin, domin Malam Sallau ne ya koya masa rubutun wasiƙa a aji biyar.

Ya same shi a zauren gidansa. Ya durƙusa suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo don ya rasa ta inda zai fara.

"Malam, ina wayar Hajiya Surayya?"

"Wace waya, ɗana?"

"Malam, kai ka hana mu rufe wasiƙa ba kwanan wata."

Dattijon ya ɗaga tabarma ya ciro wayar. Ya ce shekara ashirin da biyu yana rubuta takardun gayyata, yana kai su gunduma-gunduma a kan babur. Da aka buɗe zauren nan, ba wanda ya tuna ya saka shi, sai a kasuwa yake jin an yi taro.

"So na yi su ga abin ga na iya ƙarya, su dawo ga takarda. Ban zaci za a jefi ɗiyar mutane ba. Ina ji ana jifar, na kasa fita."

Insifekta bai ciro ankwa ba. Ya riƙo hannunsa har bakin mota, ya buɗe masa ƙofar gaba, bai iya haɗa ido da shi ba.

Malam Sallau ya girgiza kai.

"A'a, Zaharaddini. Ɓarawo baya yake zama."

Ya zagaya da ɗingishi, ya hau baya.