Takarkarin Alkasum a Ƙofar Birni

"Aisa! Wai har yanzu ɗaurin kallabin nan kike yi? Ubanki fa na tsaye a zaure!"

Hajja ce, mahaifiyarta, ke kwaɗa kira daga bakin murhu. Aisa ta fito daga ɗaki da ƙwaryar fura a hannu, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Kwana tara ke nan tana gidan iyayenta a cikin Birnin Damagaram, tun da mijinta Alkasum ya tafi Gidimuni ɗauko dabino da kanwa a kan takarkarinsa. Yau ake sa ran shigowar ayarinsu, ita kuwa ta rantse a ƙofar gari za ta tarye shi.

Wanta Kyari yana zaune yana gyaran takalmi. Ya ɗago kai ya yi tsaki.

"Duk wannan rawar jikin don ɗan majema? Allah wadai!"

"Yaya Kyari, mijina ne fa."

"Na sani. Abin da ke ci mini rai ke nan."

Tun farko Kyari bai so auren ba. Su mutanen Barno ne, gidan malanta da fatauci, shi kuwa Alkasum ɗan unguwar Zango ne, iyayensa masu jimar fata. Kafin a ɗaura aure sun taɓa cacar baki a kasuwa. Kyari ya kira shi mai warin jima, Alkasum ya hasala ya ce, "Wata rana sai na karya girman kan gidanku!" Mutane da yawa sun ji. Amma Mala Ari, mahaifin Aisa, ya ga yadda 'yarsa ke ramewa, ya ga kuma Alkasum mai sallah ne mai neman na kansa, sai ya ba shi ita. Shekara guda ke nan, ko harara ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba.

Mala Ari zai tafi kasuwar Zango, don haka suka fito tare, shi a gaba da sandarsa, ita a baya. Suna isa ƙofar ganuwa sai ga ayarin Gidimuni. Alkasum na hango surukinsa ya ja takarkarinsa gefe, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Igiyar tana hannunsa, amma ta yi sako-sako.

"Baba, barka da hantsi. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Alkasum. Yaya hanya? Tashi mana, tashi…"

Bai rufe baki ba. A shekarun nan motoci ba su fi a ƙirga da yatsu ba a garin, dabbobi ba su saba da su ba. Wata babbar mota ta wani Nasara ɗan kasuwa ta ɓullo daga bayan ganuwa, ta danna ƙaho daidai kunnen dabbar. Takarkari ya zabura, ya fizge igiya, ya yi kan tsohon da kayansa duka. Aisa ta ga mahaifinta ya faɗi, ta ga kofato ya sauka a ƙugunsa, ta ji ƙarar ƙashi. Ƙwaryar fura ta suɓuce mata. Motar ko tsayawa ba ta yi ba.

"Innalillahi! Baba! Wayyo Baba!"

Alkasum ne ya goyo shi har gida, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Maɗori ya zo ya lalluba, ya girgiza kai, ya ce ƙashin ƙugu ya farfashe, ko ya rayu ba zai sake takawa ba. Kafin la'asar zazzaɓi ya rufe Mala Ari, bai san wanda ke kansa ba.

Washegari Alkasum da kansa ya je gaban alƙali ya faɗi abin da ya faru, bai rage komai ba.

Alƙali ya ce, "Abin da dabba ta taka, alhakinsa na wuyan mai riƙe da igiyarta. Amma wannan kuskure ne, ba ganganci ba. Babu ɗauri a kanka. Diyya ce, kai da danginka ku haɗa. In kuwa mai rauni ya farfaɗo ya yafe, magana ta ƙare."

"Allah gafarta Malam, to motar fa? Ita ta firgita shi."

Alƙali ya dubi buzun da yake zaune a kai.

"Ba a kawo mota gabana, ɗana. Wannan ta fi ƙarfin zaurena."

Da labari ya kai ga Kyari, sai ya buga ƙafa a ƙasa.

"Diyya? Ubana na kwance kamar gawa a ce diyya? Wallahi ba kuskure ba ne! Ai ya faɗa da bakinsa zai karya mu. Bariki zan kai shi, gaban Nasara!"

Aisa ta riƙe masa riga. "Yaya, don girman Allah kada ka je. Ina wurin, da idona na gani. Gaishe shi yake yi! Ka jira Baba ya farfaɗo."

Ya fizge rigarsa ya fita. Kafin azahar gardi biyu, 'yan sandan Nasara, sun je Zango sun ɗaure Alkasum da igiyar takarkarinsa, suka wuce da shi gidan kaso.

Ana gobe shari'a Hajja ta kira Aisa ɗaki. Idanunta sun kumbura don kuka.

"Aisa, dubi ubanki. Dube shi da kyau. Shekara talatin ban taɓa ganin ya kwanta da rana ba."

"Ina ganinsa, Hajja."

"Gobe ban ce ki yi ƙarya ba. Shiru kawai nake so ki yi. In kika tsaya gaban Nasara kika ƙaryata ɗan'uwanki don wani ɗan Zango, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Aisa ta durƙusa. Ta rarrafa ta kama ƙafar uwarta.

"Hajja, in na yi shiru ai na yi ƙaryar ke nan. Me zan ce wa Allah? Me zan ce wa Baba in ya tashi?"

"In ya tashi!" Hajja ta janye ƙafarta. "Zaɓi ya rage naki."

A bariki Nasara mai shari'a yana zaune bayan tebur yana fifita da takarda, tafinta na tsaye a gefensa. Kyari ya kawo mutum uku waɗanda suka ji maganar kasuwa. Aka tambayi Alkasum ko ya faɗi haka.

"Na faɗa, amma cikin fushi ne, tun kafin…"

"E ko a'a?" in ji tafinta.

"E."

"Igiya tana hannunka?"

"Tana hannuna."

Nan Aisa ta miƙe. Ta ce ita ce matarsa, ita ce kuma 'yar wanda aka taka. Ta faɗi yadda ya tuɓe takalmi, yadda ya durƙusa, yadda ƙaho ya tashi, yadda ya goyo tsohon har gida. Ta daɗe tana magana, hawaye na zuba. Da ta gama, tafinta ya juya ya yi wa Nasara magana da ba ta fi numfashi ɗaya ba.

"Ba ka faɗa masa duka ba!" Aisa ta ce. "Motar fa? Ka gaya masa motar?"

"Ke, ba a tambaye ki mota ba. Na ce masa matarsa ce, tana roƙon sassauci. Zauna!"

Nasara ya yi rubutu, ya buga hatimi. Shekara uku a kaso, da aikin hanya. Aka karɓe takarkarin. Da za a fita da Alkasum ya waiwayo, ya ce mata a hankali, "Aisa, ki kula da Baba. Kada ki riƙe kowa a zuciya."

Ta koma Birni ta tarar Hajja ta sa an rufe mata ƙofa. Ta wuce ɗakin mijinta a Zango, ta kama kaɗi da sayar da fura. Kullum da safe sai ta zo zauren gidansu ta zauna, ta tambayi duk mai fitowa jikin Baba. Wasu su amsa, wasu su wuce. A rijiya mata na nuna ta da baki, wai ga wadda ta sayar da ubanta. A Zango kuma dangin Alkasum ba sa amsa gaisuwarta, wai gidansu ne ya kashe musu ɗa da ransa. Ta rasa inda za ta sa kanta.

Sai bayan wata biyu hankalin Mala Ari ya dawo sosai. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Ina Aisa? Ina yaron nan? Bai ji ciwo ba dai?"

Da aka gaya masa, tsohon ya rufe fuska da hannun riga, ya yi kukan da ba a taɓa jin ya yi ba.

"Kyari, me ka yi? Gaishe ni ya durƙusa yi! Da a tsaye yake da igiyar ba ta kuɓuce masa ba. Wa ya tambaye ni? Ni aka taka, wa ya tambaye ni?"

Ya sa aka kira Aisa daga zaure. Ya sa aka ɗauke shi a kan gadon kara, mutum huɗu, har bariki. Suka yini a rana kafin tafinta ya leƙo.

"Ka gaya wa Nasara ni ne mai rauni," in ji Mala Ari. "Na yafe. Duniya da lahira na yafe. Kuskure ne."

Tafinta ya shiga, ya fito ba da jimawa ba.

"Baba, yafiyarka a zauren alƙali take aiki. Nan takarda ta rufu, an aika da ita. Shi ma yaron ba ya nan. Tun watan jiya aka tura su arewa fasa dutse."

"To wa zan gani? Ina zan je?"

"Gida za ka je, Baba."

Sau uku ana kai shi, sau uku ana dawo da shi da amsa ɗaya.

Aisa ta dawo gidansu jinya. Ita ke juya shi, ita ke wanke masa miki, ita ke ba shi kunu a baki. Hajja ba ta janye maganarta ba, ba ta kuma maimaita ta ba. Sukan yi aiki kafaɗa da kafaɗa yini guda ba wadda ta ce uffan. Kyari ya rage zama a gida. Wata rana ya tsaya a bakin ƙofa, bai dube ta ba, ya ce, "Waɗanda ake kaiwa can ba duka ke dawowa ba. In kina so in kai ki gaban alƙali a raba auren, kada ƙuruciyarki ta lalace."

"Yaya, ka kai shi bariki ban hana ka ba, don ban iya ba. Wannan kam na iya. Ka bar mini aurena."

A damina ta biyu Mala Ari ya rasu. Kafin ya cika ya kama hannun Hajja ya ɗora a kan na Aisa, ya ce, "Ki yafe mata. Ita kaɗai ta yi mini gaskiya ina kwance." Ranar ce Hajja ta rungume 'yarta, suka yi kuka tare.

Shekara uku ta cika, Alkasum bai zo ba. Wanda duk ya dawo daga arewa sai Aisa ta je ta tambaye shi. Wani ya ce ya gan shi da rai, wani ya ce bai san shi ba, wani ya ce an ƙara musu wa'adi don hanya ba ta ƙare ba. Ba wanda za a tambaya dalili.

Sai a shekara ta huɗu, ranar wata Laraba da hantsi, tana tankaɗe a tsakar gida, aka yi sallama da wata murya mai haɗe da tari. Ta fito zaure. Wani mutum ne a tsaye, ƙashi da fata, gashinsa ya yi furfura, hannunsa na dama saura yatsu uku. Sai da ya kira sunanta ta gane shi.

"Aisa… ina Baba?"

Ya dubi fuskarta, ya gane, ya jingina da bango ya sulale ƙasa.

"Kullum ina fasa dutse ina tsara abin da zan ce masa," in ji shi.

"Ya yafe, Maigida. Sau uku aka ɗauke shi a gado ya je ya faɗa musu. Su ne ba su ji ba."

Suka koma Zango. Ba takarkari, ba ƙarfin fatauci, sai ya zauna yana tufka igiya da yatsun da suka rage, ita tana kaɗi a gefensa. Duk kaka Kyari kan aiko da damin gero, amma bai taɓa iya tako ƙofar ba. Hajja ce ta zo da kanta ranar da Aisa ta haifi 'ya mace, aka sa mata Zara. Alkasum ya ɗauke ta, ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Tarin nan na ƙurar dutse bai bar shi ba. Zara na fara tafiya ya rasu, kansa a cinyar Aisa.

Shekara biyu da 'yan watanni, iyakar abin da haƙurinta ya samo mata ke nan. Ita kuwa ba ta taɓa cewa kaɗan ne ba. Ko da ta tsufa, in 'yan mata suka tambaye ta ko ta yi nadama, sai ta ce, "Ubana ya tafi yana sa mini albarka, mijina ya tafi yana sa mini albarka. Wanda ya kasa barci ba ni ba ce."

Ku da kuke jin wannan labari, in tsautsayi ya faɗa gidanku, ku tsaya ku ji bakin wanda abin ya sama kafin ku nemi wanda za ku ɗaure, kuma kada tsohuwar ƙiyayya ta zama shaidarku. Fushin yini ɗaya Kyari ya ɗauka ya kai bariki da ƙafarsa. Ya rayu shekara talatin bayan haka, bai sami ƙofar da zai bi ya karɓo shi ba.