Buhu na Biyu

A wani zamani, mutanen wani gari na bakin teku suka hana kamun kifi a duwatsun murjani, inda kifi ke zuba ƙwai. Suka sa wani dattijo gadi.

Ran nan baƙi suka iso da buhu biyu.

Dattijo ya ce, "Samari, me kuka ɗauko?"

"Nakiya ce, Baba."

Suka kwance buhu ɗaya, ga nakiyar shinkafa da zuma. Ya ci, ya ƙara ci, bai duba na biyu ba. Na biyun kuwa nakiyar fasa dutse ce.

Baƙi suka tayar da ita a ruwa don kama kifi. Kafin azahar murjani ya zama tsakuwa.

Mai gari ya ce, "Malam, ka tambaya?"

"Na tambaya."

"Ka duba?"

Dattijo ya sunkuyar da kai.

Shekara uku ana jefa taru, taru na dawowa wayam.