Sawun Nainai a Kan Toka

"Ki faɗa min gaskiya, Peilan... jira kike in gaji in tafi da ƙafata?"

Tiesheng ne ya tare ni a bayan ɗakin rawa, sandunan ganga a hannunsa, ni kuma ina cikin fararen kayan makoki. Kwana shida ke nan da rasuwar Nainai, kakata ta wajen uba.

"Haba Tiesheng! Ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba."

"Shekara uku ina buga miki ganga, Lan-Lan. Uku! Gidanmu fa tsallaken kogin Huai ne kawai, ba bangon duniya ba."

"Baba ya ce ranar da na haye kogin nan, makarantar rawarmu ta mutu."

"Ke kuma me kika ce?"

Na kau da kai. Ina sonsa kamar raina, amma a ranar ji na yi kamar in fizge sandunan in kwaɗa masa a ka.

"Gobe da safe zan zo," in ji shi a hankali. "In amsar ba ta canja ba, sallama ce."

Shekara hamsin da biyu Nainai ta yi tana koyar da rawar ganga da fitila a garinmu. Duk macen da ka ga ta iya juya mafici a ƙauyukan nan, ta hannun Malama Qiao, wato Nainai, ta biyo, kuma ta sha ranƙwashi. Tsohuwa ce mai taurin kan tsiya! Ƙafarta ta hagu ta taɓa karyewa, janta take yi, amma ko rana ɗaya ba ta zauna ba.

Abu ɗaya ta hana kowa: taku tara na rufe rawa. Sau ɗaya a shekara take yinsa, a kulle, gaban allunan da aka rubuta sunayen kakanninmu. Dokar gidanmu ce, suruka, wato matar ɗa, ake ba wa, ba a ba 'ya, domin 'ya za ta kwashe shi ta kai gidan miji. Mahaifiyata ta rasu ina goye, ba ni da ɗan'uwa namiji.

"Rantse za ki zauna a gidan nan, in ba ki," haka ta ce min tana kwance.

Na kasa. Ta juyar da kai wajen bango, ta mutu da abinta. Wannan abu ya ci min rai, har yanzu in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi.

Da yamma Baba ya tankaɗe tokar murhu, ya barbaɗe ɗakin rawa tun daga gaban alluna har dakalin waje, tunda a al'adarmu a rana ta bakwai mamaci yake dawowa ya duba gida, tokar kuma ta nuna sawunsa. Ya ajiye mata shinkafa da kofin shayi, ya datse ƙofa da kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa.

Gari ya waye tsit, ko zakara bai yi cara ba. Tiesheng yana tsaye can bakin hanya, ya kasa matsowa. Baba ya miƙa hannu daga gefe ya buɗe kwaɗon, sai kawai ya sandare.

Ƙamshin man zafin da take shafa wa ƙafa ne ya fara bugo mu. Shayin ya koma rabi.

"Baba... mene ne?"

Nuni ya yi da yatsa.

Sawu ne a kan tokar. Ƙanana, a kan 'yan yatsu, na hagu da ɗan ja a bayansa. Tsigar jikina ta tashi gaba ɗaya. Ba tafiyar mai neman abinci ba ce, sun zagaya, sun gitta, sun juya baya. Na ƙirga. Tara!

"Takun ne..." in ji Baba. "Mama... ke ce?"

Na cire takalmi, na raɓa ta jikin bango har gaban alluna.

"Peilan, kar ki taka! Za ki goge su!"

"To wa ta bar wa, Baba? Ɓeraye?"

Na ɗora ƙafata a kan na farko. Sanyi ƙalau, kamar na taka ƙanƙara. Duk wanda na taka sai ya baje, babu komawa, in na kuskure shi ke nan har abada. A na huɗu na kusa faɗuwa, na ji an dafa min kafaɗa an miƙar da ita da ƙarfi, irin na mai faɗa. Ban waiga ba, kuka kawai nake.

Bakwai... takwas... na takwas yana daidai dokin ƙofa.

Na tara a waje yake, a kan dakali, yatsun suna fuskantar hanyar kogi.

Na tsaya a kansa ina haki. Tiesheng ya zubar da sandunansa, fuskarsa jiƙe da hawaye.

Baba ya durƙusa ya buga goshi a ƙasa sau uku. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Tun kakannin kakanni takun nan bai taɓa fita ɗakin nan ba," in ji shi. Ya share toka daga goshinsa, ya harari Tiesheng. "Kai mai ganga! Tsayuwar me kake yi? Je ka turo iyayenka... uwata da kanta ta rako Peilan har ƙofa, ni wane ne zan mayar da ita ciki?"